Suna na Uku a Takarda

Ku matso ku ji, yanzun nan Gumsu ta ba ni labarin a bakin famfo, ko ruwan ban tsaya na sha ba. A kan babanta ne, Ba Madu na unguwar Abbaganaram, kuma jiya-jiyan nan aka yi abin.

Kun san aikinsa ai. Filin nan na bayan gari inda sojoji ke koya wa mafarauta da 'yan sa-kai harbi, shi ke zama a ƙofa da ɗan teburinsa a gindin darbejiya. Ka zo da bindiga, ka miƙa takardar izini. Ya duba lambar takarda, ya duba lambar jikin bindiga, ya dubi hoto, ya dubi fuskarka. Ba takarda, ba shiga, ko kai wane ne. In kuwa ya ga abin da bai gane ba, akwai alamar da suka shirya da Kofur Mukhtari mai gadi: ya cire hularsa ya kife a kan tebur.

Shekara biyu bai taɓa cire hular nan ba.

Jiya da hantsi layi ya ƙare, ana ta harbi a ciki, sai ga Keke Napep ta sauke wani dogon mutum can nesa. Ba irin mafarautan da ya saba gani ba ne. Babu laya, babu doguwar bindiga a kafaɗa. Ga zafin nan, amma mutumin da rigar sanyi mai zip har wuya, kamar ta 'yan ƙwallo, gabanta a kumbure. Yana tafe yana waige.

"Wushe, Baba," ya yi gaisuwa.

"Takarda."

Mutumin ya zaro ƙunshin tawul ya buɗe a kan tebur. Ƙaramar bindiga ce baƙa, ta hannu, da wani jan abu a bakinta. Ba Madu bindigar maƙera ya sani da mai baki biyu, irin wannan sai a ƙugun manyan sojoji yake hangowa. Ya juya ta da ɗan yatsa, babu lamba.

"An ce mini wannan ba ta buƙatar takarda. Sau ɗaya zan gwada, in ji ko tana tashi. Gobe da safe nake so," in ji mutumin.

Gobe da safe. Ba Madu ya ƙara duban bindigar. A garin nan da tayar mota ta fashe a Kasuwar Litinin mutane suka watse suka bar takalmansu, wa ke yawo da bindiga a cikin tawul?

"Ko katin shaida," ya ce a hankali.

Mutumin ya hau laluben aljihu, ya zaro wata takarda a ninke, bai ma duba ba ya miƙa. Da ya sunkuya, zip ɗin ya ɗan zame. Nan Ba Madu ya ga baƙar igiya ta zagayo wuyansa ta shige cikin rigar. Ga wata igiyar kuma, a ƙarshenta wani abu mai lambobi kamar agogo, babban yatsan mutumin a kan maɓallinsa.

Ya yi salati a zuci, ya buɗe takardar don ya samu abin kallo.

Ba katin shaida ba ne. Sunan makarantarmu ne a sama, da kwanan watan gobe, da ƙarfe tara. Sai zanen filin makaranta da biro, har da ƙofar baya. Ƙasa kuma sunayen 'yan mata takwas a jere. Na uku: Gumsu Madu. An ja masa jan layi har biyu.

Gumsu ta ce babanta ya rantse mata a lokacin bai ƙara jin harbin da ake yi a bayansa ba. Ita kawai yake gani, yadda ta tsare shi da safe tana cewa, "Ba, gobe ka zo makarantarmu, don Allah." Shi kuwa yana neman takalminsa, ko dalili bai tambaya ba.

In ya yi ihu, mutumin ya danna, bam ya tashi. In ya bar shi ya tafi, gobe ƙarfe tara. Kofur Mukhtari na can taku ashirin, ya ba da baya yana shan ruwan leda.

"Zauna," in ji Ba Madu. "Bari in rubuta ka."

Ya ɗauki biro, biron ya faɗi. Ya kai hannu kansa kamar mai susa, ya cire hular, ya kife. Kofur bai juyo ba. Mutumin ya dubi hular, ya dubi Ba Madu, ya fara miƙa hannu wajen tawul ɗinsa.

Tsohon nan da ke kukan ciwon gwiwa kullum, ta saman tebur ya tsallaka. Ya damƙe hannun mai maɓallin da hannu biyu, suka zube a ƙasa, yana kalmar shahada da ƙarfi, yana jiran ƙarar. Sojoji suka iso a guje, suka danne mutumin, Kofur ya ja zip ɗin a hankali.

Usur ne a igiyar farko. Ta biyu agogon auna gudu. Abin da ya kumbura rigar kuwa kintinkiri ne ja da kore da shuɗi, cike da leda.

To, shi ne fa Malam Wilson ɗinmu, sabon malamin wasanni, wanda kuka gani yau da filasta a goshi: 'yar bindigar tayar da tsere ce mai ƙara kawai, tsoron gwada ta a cikin gari ya kai shi can, takardar jerin masu tseren yau ce, jan layin kuma na wadda yake sa ran za ta zo ta ɗaya ne, kuma ta ɗayan ta zo, a gaban babanta.