Kwamfutar da Aka Hana Mai Gwangwan

Ke da kike cewa duk abin da ya kwana biyu a gida fitar da shi ya kamata a yi, tsaya ki ji abin da ya faru a wani gida.

Akwai wani dattijo da ya shekara talatin yana aikin ja da gyaran layukan tarho, tun zamanin da ake hawa turke da tsani, har ya yi ritaya. A ɗakin ajiyarsa akwai wata kwamfuta ta kan tebur, irin mai ƙaton akwatin ƙarfe, wadda ta girmi jikokinsa duka. Farinta ya koma ruwan ƙasa, in an kunna ta sai ta yi ta gurnani kafin ta farka, ko bidiyo ɗaya ba ta iya buɗewa. Sau biyu 'ya'yansa suna kiran mai gwangwan ya zo ya ɗauke ta, sau biyu yana cewa a bar masa kayansa. Ana nan sai matarsa ta kamu da ciwon ƙoda. Babbar 'yarsu likita ce a wata ƙasa mai nisa, kullum da hantsi takan kira ta bidiyo ta ga kumburin ƙafafun mahaifiyarta, ta ji yadda ta kwana. Amma ɗan akwatin da ke raba intanet a gidan, wanda ake kira rauta, ya gaza. Mutum goma sha huɗu ne a gidan, kowa da waya a hannu. Da rana ta fara ɗagawa sai akwatin ya ɗauki zafi, hoto ya daskare, 'yar tana tsakiyar tambaya murya ta yanke. Takardun gwajin asibiti kuwa sun warwatsu, wasu a wayar wannan, wasu a wayar wancan, wasu a leda ƙarƙashin katifa.

Wata safiya dattijon ya jawo tsohuwar kwamfutar tsakar gida, ya kwance ta a kan tabarma. Ya share cikinta da burushin fenti, ya ɗiga wa fankarta mai, ya canza ɗan batirin da ke riƙe mata lokaci. Ya je kasuwa ya samo katin sadarwa na hannu ya ƙara mata, ta zama tana da ƙofa biyu: ta ɗaya intanet ke shigowa, ta ɗaya yake fita zuwa ga mutanen gida. Ya goge manhajar da ta yi mata nauyi, ya sa wata mara nauyi, wadda babu komai a cikinta sai baƙin allo da fararen rubutu. Sati biyu yana zaune da tabarau a kan hanci, yana karantawa, yana kuskure, yana sakewa. Rana ɗaya ma ya katse wa gidan intanet tun safe har la'asar, ɗansa ya ce, "Baba, don Allah ka bari mu sayo sabuwa. Wannan ai ba ta da sauri." Ya ce, "Ba gudu zan sa ta ba. Gadin ƙofa zan ba ta." Da ya gama sai ya kafa mata doka: in kiran likita ya shigo, shi ne a gaba, masu kallon ƙwallo da masu kallon wasan kwaikwayo su raba abin da ya rage. Rautar nan kuma ya sauke mata duk wani nauyi, aikinta kawai ta watsa abin da aka miƙo mata zuwa ɗakuna. Ya jona kwamfutar da batirin sola don kada ɗaukewar wuta ta kashe ta. Sannan ya bi takardun matarsa ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki hotonsu, ya jera su a cikinta bisa kwanan wata, ya ba 'yarsa kalmar sirrin da za ta shiga da ita daga can inda take. Tun daga ranar kira bai ƙara yankewa ba.

Bayan wata bakwai, ranar wata Laraba da azahar, jikin matar ya rikice, aka garzaya da ita asibiti. Likitan da suka tarar baƙo ne, bai san ta ba, fayil ɗinta kuma an aika nema ba a dawo ba. Ya duba ta ya rubuta allura. Dattijon, yana tsaye a bakin gado, ya kira 'yarsa ya karanta mata sunan allurar. Ta ce kada a yi, a ba ta minti biyu. Daga wata ƙasa ta shiga tsohuwar kwamfutar da ke gurnani ita kaɗai can a gida, ta bi takardun shekara uku, ta zaro wata tun ta farkon ciwon, wadda kowa ya manta da ita, mai nuna cewa irin wannan allurar ta taɓa kumbura wa mahaifiyarta maƙogwaro har numfashi ya nemi ɗaukewa. Ta tura ta wayar mahaifinta. Likitan ya karanta, ya soke abin da ya rubuta, ya sauya da wani. Kwana shida matar ta dawo gida da ƙafarta. A makon ne ɗan nan da ya ce a sayo sabuwa ya kira kafinta ya buga wa kwamfutar kantar katako a jikin bango, nesa da ƙasa, don kada ruwan damina ya taɓa ta.

Shi ya sa masu iya magana suka ce, da tsohuwar zuma ake magani.