Bakin da Luba Ta Gane

A ɗakin haɗa haƙoran roba, injin yana cikin sassaƙa haƙori na biyu Luba ta gane bakin da ke kan kwamfutar.

Wushirya a sama, ga fiƙa ɗaya ta hau kan 'yar'uwarta. Bakin ƙaninta Usaid ne, wanda 'yan daba suka jefa a mota ranar zaɓe a Giginyu. Tun ranar ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Yau ga hoton bakinsa, turamen haƙori biyu a fashe.

Mutumin da ya kawo aikin yana zaune a bakin ƙofa, da tabon sara a wuya. Sauran ma'aikata sun tafi masallaci, layin nasu na Nassarawa GRA ya yi tsit.

"Hajiya, haɗin nan na roba da tangaran zai yi ƙarko?"

"Zai yi," in ji ta. "Amma sai likita ya ga mai bakin."

"Ba ya fita."

Ashe yana raye, dukansa suke yi, ta raya a ranta. Luba ta durƙusa.

"Malam, don girman Allah ku sake shi. Ƙanina ne."

Mutumin ya miƙe, ya murza mukullin ƙofar, sannan ya rusuna mata cikin ladabi.

"Mu sake shi? Hajiya, wa ya isa ya riƙe Oga? Shi ya turo ni, ya ce aikin Yaya Luba kaɗai ya yarda da shi. Ya kuma ce in kika gane shi, kada in kuskura in koma ni kaɗai."