Finafinai Arba'in da Ɗaya

Ta kawo wayar kusa da hancinta ta sake ƙirgawa. Arba'in da ɗaya. Duk finafinan soyayya ne, duk waɗanda ta fi so, a cikin wata folda da ba ta taɓa gani ba.

Mijinta mai gyaran waya ne, Injiniya kowa ke ce masa. Shekarar da suka yi aure ya kwashe faya-fayan da suka tara, nasa da nata, ya juye su ɗaya bayan ɗaya a ma'ajiyar intanet. "Na ɗora su a sama," in ji shi, "ɓera ba ya kaiwa can." Ya ba ta lambar sirri. Tun daga nan, in ta zauna ɗinki sai ta jingine wayar a jikin keke, fim yana tafiya, ƙafa tana aiki. Shi na faɗa yake kallo. Na soyayya kuwa, cewa yake ko an haɗa masa da data kyauta ba zai ɓata idonsa ba.

To me ya kai su folda ta daban?

A gefen foldar akwai alamar an ba mutum ɗaya damar buɗe ta. Ta danna. Sai da ta buɗa hoton da yatsa biyu ta gane fuskar. Auta ce, ƙanwarta uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ke zaune a gidansu tana karatun jinya.

Ta buɗe fim na farko. Kiɗan da ta sani ya taso, sai ga wata murya a kansa, ƙasa-ƙasa, a natse.

"Tana tsaye bakin taga, rigarta ruwan ganye. Ya shigo, ya manta abin da ya kawo shi. Ya ce: tun ban san sunanki ba nake sonki."

Muryar Injiniya ce. Shekara shida suna tare, bai taɓa yi mata magana da wannan muryar ba. Mutumin da iyakar soyayyarsa ya ce "kin ci abinci?"

Ta kife wayar a kan yadin da take yankawa. Abubuwa suka fara jeruwa da kansu. Yadda yanzu yake kulle ɗakin bayan shago da rana tsaka, ya dawo murya a dishe. Ranar da suka raka ta asibiti kan ciwon kan da ya dame ta, ta dawo daga karɓar maganin ɗigawa ta same su a baranda kai da kai, suna ganinta suka yi tsit. Ga wani sabon kirki da ya tsiro da shi: ya canja mata ƙwan fitila mai haske, kullum da safe ya zura mata zare a allura biyar ya jera. Ashe kirkin mai laifi ne.

Kwana uku ta riƙe abin a ranta. Ta sa ido.

A na biyu ta leƙa ɗakin Auta da rana. Yarinyar na kwance, iyafis a kunne, ta rufe fuska da ɗankwali, tana murmushi ita kaɗai. A na uku ta ji su a bakin ƙofa yana ɗaure takalmi.

"Na jiya ka yi sauri a ƙarshe," in ji Auta. "Ka sake shi, a hankali."

"Zan sake. Ki dai yi shiru da bakinki."

Yana fita ta zauna a gaban keke. Ta zaɓi foldar ta goge. Ta san ma'ajiyar na riƙe abin da aka goge kwana talatin, shi ya koya mata, don haka ta bi shi har kwandon shara. Wayar ta tambaye ta ko har abada. Ta ce har abada. Ta kuma san kwamfutarsa ba ta da wuri, duk abin da ya ɗora a sama sai ya share na ƙasa.

Ko azahar ba a yi ba ya faɗo gidan, ƙaramar sukuddireba a hannu, ko shagon bai tsaya rufewa ba.

"Wa ya taɓa ma'ajiyar?"

"Ni ce." Ba ta ɗago daga ɗinkin ba. "In maganar soyayya ce, ɗakinta taku huɗu ne daga nan. Ka je ka faɗa mata da bakinka, ka huta da sayen data."

Ya sulale ya zauna a ƙasa cikin ƙyallayen yadi, ya dafe kai. Hakan ya fi yi mata ciwo. Da ita ce ta ɓace, anya zai zauna haka?

Auta ta fito, ta dubi mijin yayarta, ta dubi wayar da ke kan keke.

"Yaya, wata takwas ya yi yana wannan aikin."

"Ai na gani. Na ga yadda kike shan daɗinsa, har da rufe ido."

"Dole in rufe. Gwadawa nake, in ji ko mutum zai gane fim ɗin ba tare da ya gani ba."

"Auta," in ji Injiniya, kansa a sunkuye, "kar ki..."

Amma hawaye sun riga sun zubo wa Auta.

"Likita ya ce abin da ya rage wa idanunki bai fi shekara ba, Yaya. So yake ranar da ganin ya ɗauke, ki tarar da finafinanki suna jiranki."