Telan da Ya Ɗinka wa Rediyonsa Riga

Tunda ka shigo da sabbin kayan sauti gida har bakinka ya ƙi rufuwa, to saurari misalin wani tela kafin ka jona su.

Telan nan gwanin surfani ne, irin wanda in ya ga ƙyalle fili babu ado sai hannunsa ya fara ƙaiƙayi. Ran da ya sayo rediyo mai manyan sifiku biyu, a ka ya ɗauko kwalin tun daga bakin titi, ya ƙi yarda kowa ya kama masa, baki har kunne. Ya girke shi a falo, ya jona, ya murɗa. Da ganga ta buga sai da kwanukan jeren matarsa suka amsa. Murna kamar ta kashe shi. Nan take ya aika gidansu cewa kada kowa ya wahalar da kansa neman mai kiɗa a bikin ƙanwarsa, autarsu, da ke tafe, domin ranar wuni kayansa ne za su tashi unguwa. Magana ta zaga dangi, amarya ta cika wa ƙawayenta baki da yayanta, shi kuwa har tafiyarsa ta canza.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. A saman rediyon da bayansa akwai wasu 'yan ramuka jere, kuma a idon tela wannan aiki ne da ba a gama ba. Mai shago ya gaya masa ta nan abin yake shan iska, a bar masa fili, kada a ɗora komai a kansa, amma a lokacin kunnen gogan naka yana wajen kiɗa. Sai ya samo jan karan-miski, ya auna rediyon kamar yadda yake auna ango, ya ɗinka masa riga cif-cif. Ya zuba mata aiki da zare mai ruwan zinare, ya bar 'yar taga a gaba wajen maɓallai, ramukan nan kuwa duk suka shige ciki. Abin ya yi kyau, wannan kam ba a musu. Maƙwabta suka riƙa shigowa kallon riga, ba ma jin kiɗa ba. Sau biyu rediyon yana ɗauke numfashi da kansa ana tsakar sauraro. Matarsa ta dafa shi ta ce ya yi zafi kamar tukunyar tuwo, a tuɓe masa rigar nan ya huta. Tela ya ce masu wuta ne ke wasa da hankalin jama'a, wa ya taɓa jin riga ta kashe mai ita?

Ranar wuni aka kai kayan gidansu, aka kafa su a ƙarƙashin rumfa, aka jawo waya daga ɗakin tsohuwarsu. Rana ta take, gida ya cika ya batse. Tela ya sha babbar riga, ya tsaya kusa da rediyonsa, su biyu kowa da kwalliyarsa. Ya saki kiɗa, mata suka zuba a fili, guɗa ta tashi, gwaggonnin da suka ce ƙafa ta hana su tashi suka manta da ƙafar. Duk sanda aka yi shewa sai ya ƙara murɗawa, har ya kai maɓallin ƙarshensa. Amarya ta fito tsakiyar ƙawaye tana taku, ta ɗaga masa hannu, daɗi ya rufe shi har idonsa ya kawo ruwa.

Ana cikin haka wani ƙauri ya fara zagawa. Masu girki suka ruga madafi suna buɗe tukwane, suna zaton shinkafa ce ta kama. Kafin su dawo kiɗa ya shaƙe, ya yi gurnani, ya mutu, hayaƙi kuwa ga shi yana fitowa ta cikin surfanin. Tela ya wawuri buta zai sheƙa ruwa, matarsa ta riƙe masa hannu gam.

"Kada ka zuba, wuta na jone."

Ta ruga ɗakin tsohuwa ta kashe soket, ta zare wayar, sannan aka sa sanda aka yaye rigar, aka watsa mata ƙasa. Allah ya tsare, ba wanda ya ƙone. Ido duk ya koma kan tela. Amarya ta matso, ta ce a hankali, "Yaya, kiɗan fa?"

Da ƙasa za ta tsage da ya shige. Tsofaffin mata ne suka rufa masa asiri, suka kife ƙore suka kama kiɗan ƙwarya, biki ya sake tashi, aka yi ta cashewa har la'asar ba wanda ya sake waiwayar rumfar. Shi kuwa yana zaure shi kaɗai da rigar a cinya. Bayanta ya cinye, amma aikin gaban yana nan fes, ko zare ɗaya bai ƙone ba. Rediyon dai tun daga ranar bai sake cewa uffan ba.

To kai ma in ka je gida, ka bar wa naka iskarsa, in ya yi zafi ka kashe shi ya huce, ruwa kuma kada ya kusance shi. Ai Hausawa sun riga sun faɗa: garin neman gira aka rasa ido.