Tantabarun Lambun Umma

Ƙarfe bakwai na safe Hajiya Jamilatu ta dire bokitin ƙwallayen tanis a gaban ɗanta. "Tashi, tantabaru sun gama mini da alayyahu."

Maharazu ya dube ta cike da takaici. Shekara takwas yana aikin jifan ƙwallo a wata ƙungiyar ƙwararrun 'yan besbol a Japan, kafin kafaɗarsa ta dama ta yage. An yi masa aiki sau biyu a London, likita ya ce wannan hannun ya gama jifa. Ƙungiya ta ba shi zuwa watan Maris: ko ya dawo fili, ko a ba wani rigarsa. Ga uwar da ya zo jinya gidanta a unguwar Abbey Wood da ke London ta mai da shi mai gadin lambu.

"Umma, hannuna fa a rataye yake."

"Ɗayan ma an yi masa operation ne?"

Can jikin katanga ta rataye murfin tukunya, in ƙwallo ta buge shi ƙarar ta kori tsuntsayen. Ranar farko da ya gwada jifa da hagu saura ƙiris ya fasa tagar maƙwabci. Kafin sati ya zagayo murfin ya fara shan wuya. Abin ya ɗaure masa kai, shi da ko kofi ya miƙa da hagu a gidan nan sai ya sha harara.

Tantabarun kuwa ba su da zuciya, kullum ƙaruwa suke. Murfin ne ke ƙanƙancewa: yau ta ɗauke babban wai za ta yi tuwo, gobe ta ɗauke na miya, har aka iso kan murfin gwangwanin madara. Shi ma bai tsira ba.

A Fabrairu ya tura wa kocinsa bidiyon jifansa da hagu, don raha kawai. Nan take koci ya bugo waya, ya ce masu jifa da hagu nemansu ake ruwa a jallo, rigarsa na jiransa.

Ran tafiya murna ta tashe shi da sassafe. Ya leƙa lambu, sai ga Umma tana watsa wa tantabaru shinkafa.

Ko kunya ba ta ji ba, ta karkaɗe hannu.

"Bahago na haife ka, Maharazu. Kana ƙarami ni na ɗaure hannun hagun nan da ɗankwali shekara guda cur, ajiyarka ce na dawo maka da ita."