Auduga a Kunnen Mai Gyaran Waya

Kwana goma ta yi tana jinyar mahaifiyarta. Da ta dawo shagonta na ɗinki, ta tarar hirar kowa ɗaya ce: shirin nan na jirgin da ya ɓace a sararin samaniya ya dawo da sabon zango.

Maƙwabcinta mai gyaran waya, wanda shirin bai taɓa wuce shi ba, yana zaune da auduga a kunne.

"Ciwo yake maka?" ta tambaya.

Ya zare audugar. "Gudun kar su ba ni labari ne. Ban kalla ba, ke nake jira."

"Har kwana goma?"

Ya sunkuyar da kai. "In kin amince, so nake mu ƙarasa shi a gida ɗaya."

Idanunta suka ciko da ƙwalla. Ta jawo kujera.

"Na gode. Kunna mana."