Sunan da Kakata Ba Ta Kira Ba

Lokacin da kuɗin mai suka shigo, babana ya sayo talabijin, muna kunna ta da batirin motar da yake ja zuwa Maraɗi. Wata rana bayan la'asar, a gidanmu na Jibiya, aka sa wasan kwaikwayo. Ɗan fari ya ɓace shekara goma, sai ga shi ya dawo cikin babbar riga fes. Uwar ta rungume shi tana kiran sunansa, kowa na kukan daɗi.

Baba ya yi tsaki, ya dubi kakata, mahaifiyarsa. "Wannan ai ƙarya ce, Inna. Wace uwa ke kama sunan ɗanta na fari, a gaban mutane kuma?"

Kakata ba ta ɗauke ido daga akwatin ba. Nata ɗan farin ya tsallaka iyaka da shanu a shekarar yunwa, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Ta ce, "Na san ƙarya ce. Bar ta ta kira. Ni kunya ta hana ni, har ya tafi bai taɓa jin sunansa a bakina ba."

Baba ya tashi ya ƙaro mata muryar.

Yau ana yi mini dariya don ina kiran babban ɗana da sunansa. Ina kira, ya amsa, in sake kira.